Likitan haƙori yana bin maigidana kuɗin da aka ce gwamnati za ta biya

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, muna zaune a jihar Teksas ta Amurka da maigidana da 'ya'yanmu. Maigidana tsohon soja ne, ya yi aiki da rundunar sojan Amurka har an kai shi Iraƙi, kuma bayan ya bar aiki Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda ake kira VA, ta ƙiyasta nakasarsa a kan kashi ɗari bisa ɗari. A bara ciwon haƙori ya matsa masa, asibitin VA ba shi da gurbin ganinsa da wuri, sai suka tura shi wurin wani likita mai zaman kansa. An cire masa haƙoran tauna biyu, an kashe jijiyar wani aka yi masa hula. Daga baya likitan ya ce dashen haƙori ya fi masa haƙoran roba, ma'aikaciyar da ke karɓar majiyyata ta ce VA za ta biya, ta miƙo takardu ya sa hannu. An kafa ƙarfen dashen, saura a ɗora haƙoran. Yanzu, bayan wata bakwai, sun aiko suna neman dala 7,400, sun ce VA ta ƙi biya, kuma idan kwana 30 ya cika ba mu biya ba za su miƙa mu ga kamfanin karɓar bashi. Maigidana ya daina barci. Ya ce shi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, zai karɓi katin bashin da asibitin ke bayarwa ya biya a rabu lafiya. Abokansa a masallaci sun ce ya yar da takardar. Ni kuma ina tunanin in ɗauki kuɗin adashina in biya ba tare da ya sani ba. Ina mafita?

Wata baiwar Allah, daga Teksas

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa maigidanki lafiya, ya saka miki da alheri bisa tsayuwar da kika yi a kan lamarinsa. Hanyoyi uku da kika ambata, wato katin bashi da yar da takarda da biya a ɓoye, babu wadda zan ba ki shawarar bi a cikinsu, domin duka ukun sun ginu a kan abu ɗaya da har yanzu ba a tabbatar ba, shi ne ko wannan dala 7,400 bashin maigidanki ne ko bashin wani ne da aka aiko gidanku. Ina da ƙwaƙƙwaran zaton cewa wani ɓangare na kuɗin ba ya kansa ko kaɗan, wani ɓangaren kuma yana buƙatar a duba shi da idon basira. Aikin da ke gabanku a cikin kwanakin nan shi ne raba waɗannan ɓangarori biyu.

Bari mu fara da matsayinsa. A Amurka ba kowane tsohon soja ne VA ke yi wa maganin haƙori ba. Ƙalilan ne daga cikinsu suka cancanta, kuma an kasa su rukuni-rukuni. Wanda aka ƙiyasta nakasar da aikin soja ya jawo masa a kan kashi ɗari bisa ɗari, ko ake biyansa a kan wannan mizani saboda ba ya iya riƙe aiki, yana cikin rukuni na huɗu, kuma yana da haƙƙin duk wani aikin haƙori da likitocin VA suka ga yana buƙata. Abin da za ki tabbatar a takardar ƙiyasinsa shi ne ba irin na wucin gadi ba ne da ake bayarwa saboda doguwar jinya a asibiti, domin wannan ba ya shigar da mutum rukunin. Tun da su da kansu suka tura shi wurin likitan waje, alama ce mai ƙarfi cewa cancantarsa ba ta da tangarɗa.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da ma'aikatan asibitocin kuɗi. Cancanta daban, izini daban. Dokar MISSION da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta haifar da shirin Community Care da ya fara aiki a watan Yuni na 2019, ta ba VA damar tura tsohon soja wurin likitan waje idan jiran ganin ƙwararre zai wuce kwana 28, ko tafiyar mota zuwa asibitinta za ta wuce minti 60, ko don wasu dalilai makamantan waɗannan. Amma turawar ba buɗaɗɗiyar ƙofa ba ce da likita zai yi duk abin da ya ga ya dace ya aika wa gwamnati lissafi. Kowace turawa tana da takardar izini, fom mai lamba 10-7080, ɗauke da lambar turawa, da ranar da izinin ya fara, da ranar da zai ƙare, da ayyukan da aka amince a yi. A harkar haƙori yawanci akan fara da izinin dubawa da ɗaukar hoto, sannan likitan waje ya rubuta tsarin aikin da yake son yi ya aika wa sashen haƙori na VA, su duba su amince da abin da suka amince da shi. Idan ana cikin aiki ya ga buƙatar ƙari ko canji, kamar barin haƙoran roba a koma dashe, wajibinsa ne ya cike fom mai lamba 10-10172 ya nemi sabon izini, ya kuma jira amsa kafin ya taɓa bakin majiyyaci. Maganar da ma'aikaciya ta faɗa da baki cewa VA za ta biya ba ta da nauyin komai a wannan tsari, sai dai tana da nauyi a wani wuri da zan zo kansa.

Saboda haka takardu uku kuke buƙata kafin ku yi jayayya da kowa. Ta farko ita ce takardar izinin nan da duk wata sabuntawa da aka yi mata, wadda za ku samu a ofishin Community Care na asibitin VA da ya tura shi. Ta biyu ita ce cikakken lissafi daga likitan, ba jimilla kawai ba, wanda ya nuna kowane aiki a layinsa da ranarsa da lambar haƙorin da aka yi wa, domin a Amurka haƙoran babban mutum suna da lamba daga 1 zuwa 32, da kuma lambar aikin, wadda ke farawa da harafin D. Misali, D7140 cire haƙori ne na yau da kullum, D3330 kashe jijiyar haƙorin tauna, D2740 hular tangaran, D6010 kuma kafa ƙarfen dashe a cikin ƙashi. Ta uku ita ce takardar da mai biyan kuɗi ya mayar wa likitan yana bayyana abin da ya biya da abin da ya ƙi, da dalilin ƙin. Wannan ta ukun ita ce suka fi jan ƙafa wajen bayarwa, kuma ita ce ta fi muhimmanci, domin kalmar "VA ta ƙi biya" ba dalili ba ce, labarin ƙarshen magana ne kawai. Ku haɗa da kwafin duk abin da maigidanki ya sa wa hannu a ranar. Dokar tarayya ta HIPAA ta ba shi haƙƙin karɓar bayanan jinyarsa da na lissafinsa, a ƙa'ida cikin kwana 30, kuma ba a yarda asibiti ya riƙe su don ana bin mutum kuɗi ba.

Idan takardun sun zo, ki shimfiɗa lissafin kusa da izinin ki bi su layi-layi. Duk aikin da sunansa yake cikin izini, aka kuma yi shi tsakanin ranakun izinin, ba bashin maigidanki ba ne ko da sisin kwabo. Likitan da ya shiga wannan shiri ya amince a rubuce cewa abin da aka biya shi bisa farashin shirin shi ne cikakken biya, ba zai nemi cikon bambanci daga majiyyaci ba, kuma ko ɗan kuɗin da wasu tsofaffin sojoji ke bayarwa nasu na kansu, VA ce ke aika musu da takardarsa, ba likitan waje ke karɓa ba. Wanda nakasarsa ta kai kashi 50 ko fiye ma ba a ɗora masa irin wannan kuɗi. To me ke sa a ƙi biyan aikin da aka ba da izininsa? Mafi yawan lokuta kuskuren ofis ne. VA ba ita ke biyan yawancin likitocin waje kai tsaye ba, kamfanoni biyu ta ɗauka, Optum da TriWest, kuma Teksas tana cikin yankin da aka ba TriWest tun kafa tsarin; sunan kamfanin da ya kamata a aika wa lissafi yana rubuce a takardar izini. Wani asibitin yakan aika wurin da ba nan ba, ko ya manta lambar turawa, ko ya rubuta lambar aikin da ba ta dace da wadda aka amince da ita ba. Doka kuma ta ba likita kwana 180 daga ranar aiki ya shigar da buƙatar biyansa. Ki lura cewa wata bakwai da kika ambata ya zarce kwana 180, saboda haka ki tambaye su a rubuce ranar da suka fara shigar da buƙatar. Idan sun makara, asarar tasu ce, kuma ba su da ikon juyo da ita kan majiyyaci.

Akwai kuma aikin da aka amince da shi amma aka yi bayan wa'adin izini ya ƙare. Wannan yana yawan faruwa a aikin haƙori, domin akan cire haƙori a jira dasashi ya warke, a auna hula a jira ta dawo daga wurin masu haɗawa, watanni su shuɗe ba wanda ya duba kalanda. Neman tsawaita izini aikin ofishin likita ne, kuma wannan ma ana iya gyara shi tsakaninsu da VA ba tare da kun fitar da kuɗi ba.

Dashen shi ne wurin da ba zan yi miki daɗin baki ba. Daga yadda kika ba da labari, akwai yiwuwar VA ta amince da haƙoran roba ne, likitan ya yi dashe ba tare da sabon izini ba, kuma tun da dashe ne aiki mafi tsada a cikin waɗanda kika lissafa, ba mamaki shi ne kaso mafi girma na kuɗin. VA tana amincewa da dashe idan likitocinta sun gamsu da buƙatarsa, amma tana so a tambaye ta tukuna, kuma ba ta da tilas ta biya abin da ba a nemi yardarta a kansa ba. Tambayar farko da za ku yi wa ofishin Community Care ita ce ko likitan ya taɓa aiko da buƙatar dashen. Idan ya aiko aka amince, magana ta koma ta ɓangaren farko, wato kuɗin da ba ya kan maigidanki. Idan ya aiko aka ƙi, ya kuma ci gaba da aiki yana cewa za a biya, to ya faɗa wa majiyyaci abin da ya san ba haka yake ba. Idan kuwa bai aiko ba ko kaɗan, ya tsallake matakin da yarjejeniyarsa da shirin ta ɗora masa. A hali na biyu da na uku kuna da hujja mai ƙarfi, domin tsarin an gina shi ne a kan cewa nauyin neman izini yana wuyan likita, ba wuyan tsohon sojan da ke kwance a kujera bakinsa a buɗe ba.

Abin da zai iya raunana hujjar shi ne takardar da ya sa wa hannu, shi ya sa na ce a nemo ta. Idan takardar gama-gari ce da ake ba kowa a ranar farko, mai cewa majiyyaci ne ke da alhakin abin da inshora ba ta biya ba, ba ta isa ta rushe sharaɗin da likitan ya ɗauka lokacin da ya shiga shirin gwamnati ba, kuma haka za ku faɗa a wasiƙarku. Idan kuwa takarda ce ta musamman da ta ambaci dashe da farashinsa, ta kuma ce VA ba ta amince da shi ba kuma majiyyaci ya zaɓi ya biya da kansa, to lamarin ya yi nauyi, kuma mai yiwuwa ne a ƙarshe wani abu ya hau kansa. Ko a nan ma ba a gama ba. Abin da ma'aikaciyar ta faɗa masa kafin ya sa hannu ya saba wa abin da ke cikin takardar, kuma wannan shi ne wurin da maganarta ke da nauyi. Ki sa shi ya rubuta abin da ya tuna yau, da rana da wanda ya yi maganar da abin da aka ce, tun kafin tunani ya dusashe. A irin wannan hali ne ya dace a nemi lauya ya karanta takardar. Akwai ofisoshin taimakon shari'a kyauta da ke karɓar lamurran tsofaffin sojoji, kuma jami'in kula da tsofaffin sojoji na gundumarku zai iya nuna muku mafi kusa.

Game da wanda za a kira, ki sani tun farko cewa VA ba za ta tattauna jinyarsa da ke ba sai da yardarsa. Ko dai ya zauna kusa da ke a yi kiran tare ya faɗa da bakinsa cewa ya amince, ko ya cike fom mai lamba 10-5345 da ke ba da izinin sakin bayanansa gare ki. Bayan ofishin Community Care na asibitinsa, akwai layin da VA ta ware domin tsofaffin sojojin da likitocin waje ke bi bashi ko suke barazanar ɓata musu suna a kundin bashi, lambarsa 877-881-7618. Aikin ma'aikatan layin shi ne su bi diddigin buƙatar biyan, su tuntuɓi likitan, su nemi a dakatar da bin kuɗin yayin da ake bincike. Kowane asibitin VA kuma yana da jami'in kare haƙƙin majiyyata, wanda ta hannunsa ake ɗaukaka ƙara idan rigimar ta koma kan ko dashen ya zama dole a likitance. Shi ma kamfanin da ke biyan likitocin yana karɓar koke a kan likitan da ya nemi kuɗi daga majiyyaci ba bisa ƙa'ida ba, kuma a ganina wannan koke ne ya fi saurin motsa asibiti, domin ba ya son a cire shi daga jerin waɗanda ake tura wa majiyyata. A kowane kira ki rubuta rana da sunan wanda ya amsa da lambar koken. Idan makonni sun wuce ba motsi, ofishin ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, bin lamurran jama'a a ma'aikatun tarayya, kuma ba a biyan ko kwabo. Haka ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna taimakawa kyauta.

Kada ku jira sakamakon waɗannan kiraye-kiraye kafin ku rubuta wa likitan. A cikin wannan mako maigidanki ya aika da gajeriyar wasiƙa ta rajista, irin wadda ake dawo wa mai aikawa da shaidar an karɓa, yana cewa ya zo wurinsu ne bisa turawar VA mai lamba kaza, bai amince da lissafin ba, yana neman takardun da na ambata, ya kai maganar gaban VA, kuma yana neman a dakatar da miƙa lamarin ga masu karɓar bashi har a kammala bincike. Ya yi ta cikin ladabi, ba zagi ba barazana. Kada ya rubuta cewa zai biya, kada kuma ya ba da wani abu kaɗan don nuna kyakkyawar niyya, domin daga baya ana iya kafa hujja da wannan a ce ya amsa bashin.

Barazanar kwana 30 ita ce ta hana shi barci, don haka ya kamata ku san iyakar abin da za ta iya yi. Idan har sun miƙa lamarin ga kamfanin karɓar bashi, dokar tarayya ta 1977 da ke tsara aikin irin waɗannan kamfanoni ta wajabta musu aiko da sanarwa, kuma idan mutum ya ƙalubalanci bashin a rubuce cikin kwana 30 na sanarwar, dole su dakata har sai sun kawo shaidar bashin. Manyan kamfanoni uku da ke riƙe kundin tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion, tun 2022 ba sa shigar da bashin asibiti da ba a biya ba sai ya shekara ɗaya. Akwai kuma dokar 2018 da ta yi wa tsofaffin sojoji tanadi na musamman, ta ba su damar neman a goge bashin jinyar da VA ce ke da alhakin biyansa daga kundinsu. Kuɗin nakasar da VA ke biyansa duk wata, dokar tarayya ta kare shi daga masu bin bashi irin wannan. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi, shi ne sammacin kotu. Idan ya zo, a amsa shi cikin wa'adin da aka rubuta, domin wanda bai amsa ba akan yanke hukunci a bayan idonsa ko da gaskiya tana tare da shi. Wannan ne ya sa shawarar abokansa ta yar da takarda take da haɗari, duk da cewa sun faɗe ta ne don ƙauna kuma zatonsu na cewa gwamnati ce ya kamata ta biya yana iya zama daidai.

Katin bashin da asibitin ke tallatawa shi ne abin da na fi tsoro a cikin wasiƙarki. Da zarar ya biya da katin, likita ya karɓi kuɗinsa daga banki ya fita daga maganar, abin da ya rage kuma ya tashi daga bashin asibiti da ake jayayya a kansa ya koma bashin banki da maigidanki ya nema da kansa. Jinkirin shekara ɗaya da kariyar tsofaffin sojoji da na ambata ba sa bin bashin kati yadda suke bin bashin jinya, kuma dawo da kuɗi daga hannun wanda ya riga ya karɓa ya fi hana shi tun farko wuya nesa ba kusa ba. Irin waɗannan katuna da ake cewa babu kuɗin ruwa na wata shida ko goma sha biyu, da yawansu jinkirta ruwan suke yi ba yafe shi ba: idan wa'adi ya cika da saura ko kaɗan, sai a lissafa ruwan tun daga ranar farko a kan kuɗin a ɗora wa mutum. Ga mutumin da ke gudun cin haƙƙin wani saboda Allah, shiga yarjejeniyar da riba ke jiransa a ƙarshenta ba mafita ba ce. Idan bincike ya ƙare aka ga lallai akwai abin da ya hau kansa, a nemi likitan ya rage kuɗin zuwa farashin da shirin gwamnati zai biya, a kuma tsara biya kaɗan-kaɗan kai tsaye da asibitin, ba ruwa, a rubuce.

Yanzu ga maigidanki kansa. Ina ganin girman abin da ke damunsa, kuma ba na son ki ɗauke shi a matsayin taurin kai. Mutum ne da ya taso da sanin hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, ya kuma yi rayuwar soja inda ake ɗaukar sa hannu a matsayin alƙawari. Irin wannan mutum idan ya ga sunansa a takardar bashi, kunyar ta fi masa kuɗin ciwo. Kada ki ce masa ya ƙi biya, domin ba zai ji wannan ba. Ki ce masa likitan yana da haƙƙin a biya shi aikin da ya yi bisa ƙa'ida, kuma hanyar da haƙƙin nan zai isa gare shi ita ce a tilasta wa wanda ya yi alƙawarin biya ya biya. Kulawar haƙorin nan ba sadaka aka yi masa ba, wani yanki ne na abin da ƙasar ta ɗaukar wa kanta saboda lafiyarsa da ya rasa a bakin aikinta. Bincika lissafi kafin a biya ba cin amana ba ne, kuma kuɗin da zai bayar a kan abin da ba ya kansa daga bakin 'ya'yansa zai fito. Idan akwai wani malami ko dattijo da yake jin maganarsa, ko tsohon abokin aikinsa da ya taɓa bin irin wannan layi, ki nemi a faɗa masa wannan daga bakinsu.

Biya a ɓoye kuwa, ina roƙonki ki ajiye wannan tunani. Na san tausayi ne ya kawo shi, amma rasit zai fito da sunansa, VA za ta iya kiransa a kan lamarin, kuma ranar da ya gano cewa adashinki ya tafi a kan abin da yake ganin nauyinsa ne, za ki ƙara masa irin kunyar da kike son cire masa, ga kuma rauni a amanar da ke tsakaninku. Ki nuna masa cewa kina da kuɗin kuma kina shirye ki taimaka idan an tabbatar da bashin. Sanin cewa akwai abin dogaro a gida shi kaɗai yana iya sassauta masa zuciya har ya yarda a bi matakan a tsanake. Rashin barcin da kika ambata ma kada a raina shi ga wanda ya je fagen yaƙi. Ya faɗa wa likitansa na VA, kuma idan kika ji yana maganganun yanke ƙauna, layin gaggawa na tsofaffin sojoji shi ne 988 sannan a danna 1, dare da rana, kuma ke ma a matsayinki na matarsa kina iya kira.

Akwai abu ɗaya da rigimar kuɗi ke sa a manta, shi ne aikin da ba a gama ba a bakinsa. Ƙarfen dashe yana ɗaukar watanni kafin ya haɗe da ƙashi, sannan a ɗora masa haƙori, kuma yana buƙatar a riƙa duba shi a tsakanin. Bai kamata a bar shi haka nan ba don ana jayayya da wanda ya kafa shi. Ku nemi sashen haƙori na VA ya ba shi ranar ganin likita, ku tafi da hotunan da aka ɗauka da bayanin irin ƙarfen da aka sa da kamfanin da ya ƙera shi, domin duk wanda zai ƙarasa aikin yana buƙatar sanin wannan kafin ya yi odar sauran kayan. Tun da maigidanki yana rukuni na huɗu, su ne za su yanke ko su ƙarasa da kansu ko su ba da sabon izini ga likitan waje, wannan ko wani. Duk wanda aka tura shi wurinsa, kada ya sake hawa kujera sai ya ga takardar izini da idonsa, ya ga aikin da za a yi masa a ranar yana cikinta, ya kuma ga cewa wa'adinta bai ƙare ba.